Ranar da Na Saurari Zaman Makokina ta Waya

Ba a gidan macuta aka haife ni ba, kada wani ya ɗauka gado ne. Mahaifinmu ya bar duniya ba wanda yake binsa ko sisi. Yayana, wanda duk kasuwar hatsi ta Azare take kira Malam Sale, mutum ne da in ya ce gobe, to goben ce, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ni kuma ni ne ƙaninsa mai riƙe masa tiya a rumfa, ina awon gero da wake, ina da mata, ina da keke, ina da hula biyu. Mahaifiyarmu, Inna, tana da gona guda a Sakwa, gadon ubanta. Ƙaninta ke noma mata, da kaka a kawo amfanin gida. Da wannan gonar take ci, da ita take yin biki da suna, ba ta taɓa miƙa wa ɗayanmu hannu ba.

Yara, ku saurara da kyau, domin abin da ya kai ni gidan yari bai fi kofin shayi girma ba ranar da ya fara.

Wata safiya na zauna teburin Malam Buba mai shayi a bakin tasha, na sha, na laluba aljihu, sai na tarar na bar kuɗin a ɗaya rigar. Kunya ta kama ni. Malam Buba ya ce, "Haba, ƙanin Malam Sale? Tafi abinka, ka kawo duk ranar da ka tuna." Washegari tun kafin ya hura wuta na kai masa kuɗinsa. Ya dube ni ya ce irinmu sun yi ƙaranci a zamanin nan, ya fasa mini ƙwai biyu, ya ce wannan ma in kawo daga baya.

A kan wannan ƙwan na yi karatun da ya hallaka ni. Na gane cewa in ka ci ƙaramin bashi ka biya da wuri, ba bashi ka biya ba, babban bashi ka saya. To sai na mai da abin sana'a. In karɓi kaɗan wurin mai kanti, in mayar kafin ranar alkawari, har da gaisuwa da tambayar iyali. In sake, in sake. Ranar da na ga ya daina kallon hannuna ya koma kallon fuskata, ranar nake ɗaukar mai nauyi. Daga nan in ci na Audu in rufe bakin Tanko, in ci na Tanko in lallashi Audu. Na sayi babur, na ɗinka shadda, na fara cacar ƙwallo a waya. Ina tafe ina ƙamshi, kowa yana cewa Allah ya buɗa wa ƙanin Malam Sale, alhali ko maɓallin rigata ba nawa ba ne.

Abin ya ɗauki lokaci kafin ya fashe, amma da ya fashe bai tsaya ba. Masu manyan kantuna suka fara, in na shigo sai lissafi ya taso musu, ba sa ɗago kai. Sai mai nama. Sai tela ya riƙe mini wando, ya ba ni riga kawai, ya ce rabin kuɗi rabin kaya. 'Yan acaɓa, bayan an ƙwace babur ɗina, suka koma karɓar kuɗinsu kafin in ɗora ƙafa. Mai aski ya taɓa tsayawa a tsakiyar kaina, ya kashe inji, ya miƙo hannu, na fito da rabin kai kamar gonar da aka yi wa noman gayya aka watse. Malam Buba da kansa, wanda ya fara koya mini, ya koma riƙe butar a sama, ba ya zubawa sai ya ji ƙarar kuɗi a faranti. Matata ta kwashe kwanukanta da katifarta ta koma gidansu a Gadau, ta ce gara ta kai su da kanta kafin ta gan su a hannun dillaliya.

Yaya ya zaunar da ni ya yi mini faɗa har muryarsa ta dushe. Na yi kuka, na rantse, na fita na ci bashin kuɗin mota a hannun maƙwabcinsa.

Da garin ya ƙare mini sai na koma waya. Akwai manhajojin nan masu ba da rance, ba su san ka ba, ba su san ubanka ba, ka danna kawai kuɗi su shigo. Wallahi ranar farko na ɗauka aljanna ce aka buɗe mini reshe a aljihu. Na ci na wannan, na ci na waccan, na yi musu irin dabarar da na yi wa Malam Buba, har su ma suka gane ni. Daga nan na sa rigar da tela ya sake mini, na tafi wani ƙaramin banki neman rancen sana'a. Wata yarinya mai gilashi ta karɓi lambata ta danna a kwamfuta. Ta dubi allon, ta dube ni, ta sake duban allon.

Ta ce, "Malam, ka san kowane mai cin bashi akwai makin da ake ba shi? Mai biya makinsa ya hau, mai ƙin biya makinsa ya sauka. Duk bankuna suna gani."

Na gyara zama na ce, "To ni nawa na ci?"

Ta ce, "Akwai inda makin yake tsayawa a ƙasa, kwamfuta ba ta sauka ta wuce nan. Kai a wurin kake zaune."

Na ce, "Wato ko me na yi yanzu ba zai ƙara sauka ba?"

Ta ce, "Ba shi da inda zai je."

Ku ji wauta. Wani da kuka zai fito daga bankin nan, ni da murna na fito. Na ce ashe na iso ƙasa lafiya, ba abin da ya karye. Wanda ya riga ya zauna a ƙasa me zai ji tsoro? Ban san kwamfuta ce kawai take da iyaka ba, Azare ba ta da ita.

Sunana ya mutu, amma na Yaya yana nan da ransa, sai na ɗauke shi na tafi da shi kasuwa. Akwai wani Alhaji mai sayen riɗi yana tarawa a sito. Na je na durƙusa na ce Yaya ne ya aiko ni, ya sami mai saye daga Kano, a ba shi buhuna a kan amana zuwa ranar kasuwa. Alhaji ya ce, "Kai kam ko allura ba zan ba ka ba. Amma Malam Sale ko siton ya ce a ba shi, a ba shi." Ya nemi Yaya a waya bai samu ba, domin na san ranar yana ƙauyen da ba sabis, da gangan na zaɓi ranar. Aka loda riɗi. Na sayar wa mutum ɗaya na ba shi kaya, na sayar wa wani baƙo na karɓi kuɗi na ce ya dawo da yamma. Kafin yamma na bar gari.

Kuɗin ba su yi albarka ba. Na toshe bakin waɗanda suka fi tsoratar da ni, caca ta cinye saura. Na ɓuya a wani ƙauye can bayan Disina, wurin wani mai faci da na ce masa ni ɗan kasuwa ne da 'yan fashi suka tare. Mutum ɗaya ne ya san inda nake, Garba direba, abokina, shi ma don yana bina ne ya ƙi yarda in ɓace masa.

Ina can sai Garba ya kira ni yana dariya har yana tari. Ya ce masu rancen waya sun gaji da nemana, sun ɗauki hotona sun tura wa duk lambobin da ke tsohon layina, da rubutu cewa wannan mutum ya rasu, a yi masa addu'a. Haka suke yi don su kunyata mutum ya fito. Ya ce gari ya ɗauka, mata har sun fara shiga gidanmu suna tambayar Inna.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Kun san al'adarmu. In mutum ya rasu, a zaman makoki babba a gidan yakan miƙe ya ce duk wanda yake bin mamaci bashi ya faɗa, kuma mutanen kirki sukan ce sun yafe, don kowa ya san bashi yana riƙe mamaci. Sau nawa na zauna a irin wannan wuri na ji ana ta "na yafe, na yafe" kamar ana rabon goro? Na ce a raina, ashe akwai hanyar biyan bashi da ban taɓa gwadawa ba.

Na ce wa Garba ya je ya tabbatar musu. Na ce ya gaya musu ya ji daga bakin direbobin kudu cewa mota ta kife da mu, an binne mu a can. Na yi masa alkawarin in ƙura ta lafa shi zan fara biya. Shirina shi ne in bar su su yafe, in yi shekara a wani gari, in dawo in ce kuskure aka yi, wani aka binne. Wanda ya yafe a gaban liman ai ba zai lashe maganarsa ba. Inna ba ta faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya, wannan kuwa ko yau na tuna sai na ji kamar in tsine wa kaina.

Ranar zaman farko na ce ba za a yi ba ni ba. Na sa katin da ya rage mini, na kira Garba, ya ɗauka ya jefa wayar a aljihun gaban rigarsa ya zauna kusa da liman. Ni kuma na kishingiɗa a gindin wata tsamiya, na kara waya a kunne, ina sauraron makokina.

Da farko abin ya yi daɗi. Ana shigowa ana cewa Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na kasa kunne in ji an yabi halina. Wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Marigayi dai... yana da gaisuwa." Aka rasa mai ƙarawa. Can wani ya ce, "Yana da tsafta kuma." Iyakar abin da aka samo mini ke nan a duk unguwar.

Sai na ji muryar Yaya. Ya ce, "Jama'a, duk wanda yake bin ƙanina wani abu, don Allah ya faɗa, kada a bar shi da nauyi."

Abin da na ji bayan nan kamar an tashi daga sallar Juma'a ne. Tabarmi suna motsi, takalma suna ƙara. Garba ya sunkuyar da kai ya raɗa wa aljihunsa, "Layi ya kai bakin masallaci."

Malam Buba ne ya fara. Ya ce shayi da ƙwai da burodi, ba ya ma iya tuna adadi, ya yafe duniya da lahira. Na ce Allah ya yi maka albarka. Mai aski ya yafe. Tela ya ce ya yafe, wandon ma zai bayar sadaka. Mai nama ya yafe rabi. Ina kwance ina lissafi da yatsu, ina jin nauyi yana sauka daga kafaɗata, har na fara tunanin garin da zan je in fara sabuwar rayuwa da sabon mai shayi.

Sai Alhaji mai riɗi ya yi magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Sale, ka yi haƙuri, ba wurin faɗar wannan ba ne, amma kai ka tambaya. Kayan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai kuɗin marayu a ciki. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba." Baƙon da na sayar wa iska shi ma ya ce daga nesa ya zo, jarinsa ke nan gaba ɗaya.

 Yaya ya ce a ba shi lokaci, rumfarsa ko an sayar da ita da tiyoyin ba za ta kai ba. Ana cikin haka na ji muryar kawunmu, ƙanin Inna, ya fito daga cikin gida. Ya ce, "Mahaifiyarsa ta ji. Ta ce a sa gonarta ta Sakwa a kasuwa yau ɗin nan, a biya kowa kafin sadakar uku. Ta ce ba za ta iya kwanciya a kan katifa ba alhali ɗanta yana ɗaure a kabari."

Na miƙe zaune. Na ce, "Garba. Garba, ka ce musu a dakata." Garba bai ji ba, ko ya ji ya yi kamar bai ji ba. Sai wata mata ta shigo layin da muryarta mai sanyi ta ce kuɗina sun ƙare.

Na danna lambar aron kati. Kamfanin waya ya amsa mini cewa ban cancanta ba, in fara biyan na baya. Na tura wa Garba saƙon roƙon kira har yatsana ya gaji. Bai kira ba. Daga baya na ji dalili: yana cikin layi, shi ma ya je faɗar nasa.

Zan so in ce muku nan take na kama hanya. Ƙarya ne, kuma na daina ƙarya. Na wuni na kwana ina saƙawa ina kwancewa. In na fito, ɗauri ne. In na yi shiru, komai ya wanke, gona ce kawai ta tafi. Har na ce wa kaina ai Inna ta tsufa, me za ta yi da gona? Sai da gari ya waye, na ga matar mai masaukina tana sheƙar gero a tsakar gida, ta ɗaure ƙugu kamar yadda Inna take yi, sannan na dawo hayyacina. Na ce ko kashe ni za a yi sai na hana cinikin nan.

Abin da nake buƙata bai taka kara ya karya ba: kira ɗaya, ko kuɗin mota zuwa Azare. Amma ɗan zaman da na yi a ƙauyen nan na riga na gwada musu sana'ata. Mai ƙosai tana bina, mai shago yana bina, mai masaukin nawa ma na karɓi kuɗin facinsa na kwana biyu na ce zan juya masa su. Na kai wayata wurin mai caji don ta mutu, ya karɓa ya jefa a akwati ya kulle, ya ce ta zauna nan sai na biya na baya. Na bi mutane ina roƙon aron waya na minti ɗaya, kowa sai ya dafe aljihu ya ce ba caji. Da ƙyar wani ya yarda, bayan na cire hulata na ba shi jingina, kuma bai saki wayar ba, shi ya riƙe mini ita a kunne.

Lambar Yaya kaɗai na haddace. Ya ɗauka. Na ce, "Yaya, ni ne. Ban mutu ba. Kada a sayar da gonar Inna."

Ya ce, "Ku ji tsoron Allah. Jiya kun kira kun ce ku lauyoyi ne, shekaranjiya kun ce 'yan sanda ne, yau kuma har da kwaikwayon muryar mamaci? Kuɗinku za a biya ku, ku bar mu mu yi makoki." Ya kashe. Ya ɗauka masu rancen waya ne. Na ce a sake kira, mai wayar ya ce hula ɗaya kira ɗaya.

Na taka zuwa tashar Disina. Na sami motar Azare ana lodi, na ce wa kwandasta a kai ni, in mun isa yayana zai biya. Ya ce wane ne yayan nawa? Na faɗa. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ƙanin Malam Sale ya mutu. In kuma kai ne, to ka fi kowa sanin dalilin da ba zan ɗauke ka ba." Duk tashar aka yi dariya. Na ba da takalmina, aka ce ba ya kai kuɗin rabin hanya. Na roƙi mai babur, na roƙi mai a-kori-kura, har mai amalanken shanu na roƙa. A rayuwata na yi ƙarya dubu an ba ni kuɗi. Ranar da na zo da gaskiya tsirara, na rasa mai ba ni aron kujera.

Da ƙafa na tafi. Wani mai tifa ya rage mini hanya a kan yashi, don shi baƙo ne bai san ni ba. Sauran na taka, ba hula, ƙafa duk ta kumbura.

Na shigo unguwarmu ranar sadakar uku, an gama addu'a ana rabon masa. Maza cike da ƙofar gida. Na tsaya na yi sallama. Ba wanda ya amsa. Carbin liman ya faɗi. Wani ya tashi da gudu ya bar takalminsa, wani ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa. Mai aski ya shige bayan tela.

Malam Buba ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya matso, ya taɓa hannuna, ya ji ɗumi. Ya ce, "Kuɗin shayina."

Na ce, "Haba Malam Buba, ai ka yafe duniya da lahira, da kunnena na ji."

Ya ce, "Mamaci na yafe wa. Kai ban san ka da mutuwa ba." Sai ya tsaya. "Da kunnenka ka ji? A ina?"

Nan na gane bakina ya gama da ni. Duk ido ya koma kan Garba, amma Garba ya riga ya sha kwana da rabonsa a aljihu. Kafin in ƙifta ido layin nan da na ji a waya ya sake haɗuwa, wannan karon a gabana, kowa yana janye yafiyarsa. Tela ya ce wandon ma ya fasa sadakar.

Yaya ya ratso taron. Ya kama hannuna ya ja ni cikin gida, mata suna watsewa suna salati. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame kamar ta yi wata tana jinya. Ta dube ni. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta shafa kafaɗuna, ta duba ƙafafuna da suka fashe. Sai ta fashe da kuka ta rungume ni, tana faɗin wasu maganganu da Fillanci waɗanda rabinsu godiya ce ga Allah, rabinsu kuma ba zan maimaita su ba. Da ta nutsu ta ce, "Ka ci abinci?" Ta tura mini kwanon masar sadakata, na ci, don yunwa ba ta san kunya ba.

Da bakina cike na ce, "Yaya, gonar fa?"

Ya ce, "Jiya aka yi ciniki, da shaidu. An raba kuɗin da safen nan."

Kawu ya koma wurin wanda ya saya, ya ce masa mamacin ya dawo. Mutumin ya ce yana taya mu murna, amma shi gona ya saya, ba gawa ba. Kuɗin kuma ba su ma isa ba. Alhaji da baƙon nan sun karɓi abin da ya samu, sun haƙura da saura saboda mamaci. Da mamaci ya shigo yana cin masa, haƙurin ya ƙare, suka kira 'yan sanda.

A kotu alƙali ya tambaya ko akwai mai tsaya mini a ba da belina. Duk ɗakin aka ɗaga kai ana kallon fanka. Yaya ya sunkuyar da nasa, ban kuma ga laifinsa ba, domin ta dalilina manyan 'yan kasuwa sun daina ba shi kaya sai da kuɗi a hannu, mutumin da a da ake ba shi mabuɗin sito. Aka same ni da laifin zamba, aka tura ni gidan yari.

Na ɗauka a can kam zan fara da sabon suna. Ashe labari ya riga ni shiga. A gidan yari ma ana cin bashi, na sabulu, na sukari, na garin kwaki. Ranar da na nemi aron sabulu, shugaban ɗakinmu, mutumin da aka ɗaure saboda satar shanu, ya ce, "Kai ne wanda ya mutu don kada ya biya? A'a. Mu nan mutanen kirki ne." Ɓarayi suka riƙa ɓoye kayansu in na wuce. A can na koyi ɗinkin takalmi, a can kuma na koyi yin sallah ba tare da ina lissafin wanda zan taɓa in an sallame ba. Na yi nadama ta gaske, irin wadda ba a yi don alƙali ya gani.

Da na fito, Yaya ya ba ni gefen rumfarsa ina gyaran takalma. Ba na karɓar kuɗi sai na gama aiki, ba na cin ko ƙosai sai na biya. Ina rage tsofaffin basussuka kaɗan kaɗan. Malam Buba har yanzu yana riƙe butarsa a sama, ni kuma ina ajiye kuɗin a faranti ba gardama. Matata ba ta dawo ba. Na tuba ga Allah, ina kuma sa ran ya karɓa, don shi kaɗai ne bai ce in kawo mai tsaya mini ba.

To yara, ga nasihata. Duk wanda ya ce muku akwai inda darajar mutum take faɗuwa ta tsaya, na kwamfuta yake nufi. A cikin mutane ba ta tsayawa, in taka ta ƙare sai ta fara cin ta yayanka, ta ci ta uwarka. Kada ku ci bashin abin da kuke sha'awa, ku ci na abin da ya zama dole, shi ma ku biya don ku rabu da shi, ba don a ƙara muku ba. Rancen waya kuwa, in kun ga ya shigo da sauƙi, ku tuna lambar mahaifiyarku tana cikin wayar. Kada ku taɓa ɗaukar sunan wani ku kai kasuwa. Kuma ku sani akwai ranar da za ku buƙaci a yarda da maganarku sau ɗaya tak, kada ku kashe ta a kan shayi da shadda.

Inna yanzu awo take yi, tiya tiya, ita da buhu yake shigo mata daga gonarta. Ba ta taɓa yi mini gorin gonar ba. Ranar kasuwa takan kira ni ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗin gero, ta ce in je in auno mata, don ta nuna wa unguwa ta yarda da ɗanta. Ranar farko har hawaye na yi don daɗi. Na kai kwanar masallaci na waiwaya, sai na hango ta can baya da mayafinta, tana biye da ni, in na tsaya ta tsaya ta yi kamar tana gyara takalmi. Tana so ta yarda, ta kasa. Har yau haka muke zuwa kasuwa, ni a gaba da kuɗin, ita a baya tana laɓewa. Ban taɓa nuna mata na gani ba. Sauri kawai nake ragewa, saboda gwiwarta tana ciwo.